Nonon Tumfafiya

Duk wanda ya yi ƙuruciya a unguwarmu a Rano ya san wutar Iya. Iya kakarmu ce ta wajen uba. Idan sanyi ya shigo, ana idar da sallar isha'i za ta sa a tara mata karan dawa a ƙofar ɗakinta, ta binne rogo a toka, ta miƙe ƙafafu. Mu da yaran maƙwabta mu kewaye ta, kowa na ture ɗan'uwansa. Ba zan ci amanarta ba, har yau ban ji mai tatsuniya kamarta ba. In ta yi muryar kura, sai ka waiwaya bayanka. Takan buɗe da cewa, "Ga ta nan tafe, mai kunne ya tara." Mu ce, "Ta iso mu sha."

Ummanmu ungozoma ce a wani ƙaramin asibiti a Kibiya. Tun kafin aure take aikin, kuma Baba ya yarda ta ci gaba. Da sassafe take bin motar haya, sai almuru take dawowa, tana warin maganin asibiti. Iya ba ta taɓa son aikin nan ba, amma ba ta taɓa cewa a bari ba. Ita ba ta faɗa da baki buɗe. Tana da tatsuniya.

Da aka haifi ƙanwata aka sa mata sunan Iya, shi ya sa muke kiranta Ummi. Umma ko sunan 'yarta na yanka ba ta iya faɗa, don sunan suruka ne. Da hutun haihuwa ya ƙare, takan tatsi nono a kofi mai murfi ta bari kafin ta fita. Tana juya baya Iya za ta tuttular da shi a gindin zogale, ta ce ba a ba takwararta nonon da ya rabu da jiki. Sai ta ɗura mata kunu.

Wata rana haihuwa ta zo wa wata mata da gardama, Umma ba ta samu tahowa da wuri ba. Har an hura wuta ta shigo, gaban farar rigarta ya jiƙe sharkaf da nono. Ko jaka ba ta ajiye ba ta durƙusa ta gai da Iya, ta miƙa hannu za ta ɗauki Ummi, wadda a lokacin rarrafe kawai ta fara.

Iya ta gyara goyonta ta ce, "An yaye ta."

Umma ta tsaya da hannu a miƙe.

"Malam ya yi rubutu, na wanke na ba ta da kunu. Nonon da ya wuni a rana, ya sha jijjigar mota, ai guba ne. Wanda aka yaye kuwa ba ya komawa."

"Iya, don Allah ki yi haƙuri. Ko sau ɗaya ne, ta rage mini."

"Haƙurin me, 'yar nan? Ai aiki na rage miki. Je ki ci tuwonki, gobe kina da sammako."

Baba yana zaure yana jin komai. Ya yi gyaran murya, ya ja takalminsa ya fita. Umma ta shiga ɗakinta, wanda ƙofarsa ke kallon wutar. Ummi ta ji ƙanshin uwarta ta fara tsala ihu. Iya ta jijjiga ta, ta tono rogo ta rarraba mana, ta ce yau sabuwa za ta yi mana.

Wai wata mata ce mai son cin kasuwa, ba ta iya wuni a gida. Da ta haihu, sai ta riƙa kai jaririyar kogon wata bishiyar kuka a bakin hanya, ta ce kuka ta rufe, ta wuce abinta. Jaririya ta yi ta ihun yunwa, har kuka ta ji tausayi ta riƙa ɗiga mata ruwan 'ya'yanta, fari kamar nono. Da yamma matar ta zo ta yi waƙa, kogo ya buɗe. Ana nan, ana nan, ran nan ciniki ya yi daɗi, ba ta taho ba sai da duhu. Ta tsaya ta rera:

"Kuka, kuka, buɗe mini,
Rana ta faɗi, nono ya kawo."

Sai muryar yarinya ta amsa daga ciki:

"Wace baƙuwa ce a ƙofa?
Uwata kuka, na ƙoshi."

Mu ne masu amshi. Iya ta rera ta uwar da murya mai ban tausayi, mu kuma mu amsa ta 'yar muna tafi. Da ta ga mun yi sanyi saboda ihun Ummi, sai ta ce, "Ku ɗaga murya mana, ko ba ku ci rogo ba?" Muka ɗaga, har maƙwabta suna ji.

Matar ta yi ta waƙa, in ji Iya, kogo bai buɗe ba. Nono ya yi ta zuba har ƙafafunta suka kafe a ƙasa, ta zama tumfafiya. Shi ya sa har gobe tumfafiya a bakin hanya take tsayawa tana kallon masu wucewa. Ka karya ganyenta nono ya zubo, amma ba mai sha, in ya shiga ido ma makanta yake jawowa.

Wata 'yar maƙwabta ta ce, "Iya, to me ya sa ba ta bar kasuwar ba?"

Iya ta juya fuska wajen ƙofar Umma ta ce, "Je ki tambaye ta." Sannan ta rufe yadda ta saba: "Ƙurunƙus, wanda ya ji ƙaiƙayi ya sosa."

Ni a ɗakin Umma nake kwana. Da na shiga na same ta zaune a bakin gado, tana gasa ƙirjinta da tsumma da ruwan ɗumi, tana tatsa a kwano, hawaye na bin haɓarta. Ta kai kwanon bakin rariya ta zubar, ta dawo ta ci gaba. Wa za ta kai wa ƙara? Ba a ambaci sunanta ba. Da ta yi magana, sai a ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Washegari ta ɗaure ƙirjinta tamau da ɗankwali, ta sa farar riga, ta tafi tasha. Hanyar Kibiya kuwa, duk wanda ya bi ta ya san tumfafiya ce hagu da dama.

Ummi a ɗakin Iya ta girma. Da ta fara magana, duk yamma Iya kan ce mata, "Gai da Sista," yadda mutanen gari ke kiran Umma. Sunan ya bi bakinta. Iya ta rasu, Ummi ta yi aure ta hayayyafa, sunan bai canza ba. Na taɓa tambayar Umma me ya sa ba ta bar aikin ba a lokacin. Ta ce, "An riga an yaye ta. Ko na zauna ba za a mayar mini da ita ba, sai dai in rasa biyu."

Na daɗe ina ɗauka darasin tatsuniyar shi ne uwa ta zauna a gida. Sai da na haihu, na koma aikin koyarwa da nono yana cika mini a tsakiyar aji, na gane abin da Iya ta koya mana. Wanda yaro ke hannunsa da yamma, shi ke gaya masa wace ce uwarsa. Iya ta so mu, wannan ba ƙarya ba ne. Amma muguntar da ta yi a daren nan, da bakinmu ta yi ta, kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Yanzu Umma ta yi ritaya, ita ke riƙe mini 'yata in na tafi makaranta. Jikoki sun yi nacin duniya ta yi musu tatsuniya, ta ce ba ta iya ba. Abin da ta iya shi ne, idan lokacin tashina ya yi, ta saɓa yarinyar ta fito ƙofar gida, tana hango ni ta nuna ta ce, "Ga uwarki can. Kin gan ta? Uwarki ce."

Kwanaki Ummi ta kawo ziyara, muka iso ƙofar tare. Ta ga abin ta yi dariya, ta rusuna ta ce, "Sista, ina wuni?"

Umma ta ce, "Lafiya lau. Ya hanya?" Ba ta sauke hannunta ba. Ta ci gaba da nuna wa 'yata ni.