Goggo Mai Allura da Furenta

Goggona, ƙanwar mahaifinmu, ta yi aikin jinya har gashinta ya yi fari. A unguwa ba mai kiranta sai Mai Allura, domin ko bayan ta yi ritaya, duk wanda likita ya rubuta wa allura ƙofarta yake ƙwanƙwasawa. Hannunta ba nauyi, amma bakinta akwai kaifi. Za ta tambaye ka me ka ci, yaushe ka yi barci, ta yi maka faɗa, sannan ta ce ka juya.

Da ta daina zuwa asibiti sai zaman gida ya ishe ta. Ta wanke labule, ta sake wankewa. 'Yarta ta fari ta lura, sai ta kawo mata dashen hibiskas, furen nan ja mai faɗin baki kamar na kuɓewa, a cikin tukunyar roba.

"Mama, ga majinyaci na kawo miki," in ji ta, "ki huta da labulen nan."

Goggo ta ajiye shi a baranda, ta hau kula da shi yadda ta saba. Ruwa da safe, ruwa da rana, ruwa da yamma. Ba a daɗe ba ganyen ƙasa ya fara yin rawaya yana zuba. Ta ƙara ruwa, abin ya ƙara lalacewa. Ran nan ta tusa yatsa cikin ƙasar, ta ji ta caɓe kamar kwata. Ta zare dashen, ta tarar saiwar ta soma ruɓewa har tana wari. Ta ɗauko almakashinta na aiki ta yanke ruɓaɓɓen, ta huda gindin tukunyar, ta zuba sabuwar ƙasa mai yashi.

"Ashe son da ya yi yawa ma ciwo ne," ta ce mini tana wanke hannu. "Da mutum ne da ya faɗa mini ya ƙoshi."

Dashen ya farfaɗo, ya yi toho. Sai kuma wasu fararen ƙwari kamar ɓurɓushin auduga suka manne a ƙarƙashin ganye, ganyen ya riƙa danƙo, kiyashi suna hawa da sauka. Goggo ta saka tabarau, ta jawo kujera, ta jiƙa auduga da ruwan sabulu, tana bin ganyen ɗaya bayan ɗaya tana gogewa kamar mai wanke gyambo. Ta yi haka har suka ƙare. A shekarar furen ya yi ta buɗewa, masu zuwa allura har mantawa suke da tsoro suna kallonsa.

Daga baya maƙwabcinta ya ɗora bene a kan gidansa. Hasken rana da yake shiga barandar tun safe ya koma leƙowa kaɗan da azahar. Dashen ya yi tsawo, ganye shar, amma duk ƙullin furen da ya fito sai ya faɗi bai buɗe ba. Goggo ta ƙara taki, sai ganye ya ƙaru kawai. Ta duba ƙwari, babu. Ta duba saiwa, lafiya lau. Ta jima kafin ta yarda cewa wannan ciwon ba na hannunta ba ne.

A bakin titi akwai wani mai aski, shagonsa na kallon gabas, rana kuwa har ta yi masa yawa. Shi da Goggo ba su cika shiri ba, tun ranar da ta tsaya gaban jama'a ta ce masa ya riƙa goge injinsa kafin ya ɗora a kan wani. Duk da haka wajensa ta nufa.

"Malam, wuri nake nema a ƙofar shagonka."

Ya ajiye tsintsiya. "Hajiya, aski za ki fara?"

"Fure zan ajiye. Rana yake so, ni kuwa an toshe mini ita."

"To ni me na sani game da fure? In ya mutu ai kin ga na shiga uku."

"Ba ruwanka da shi. Kada ka ba shi ruwa, kada ka zuba masa ragowar shayinka. Ni zan riƙa zuwa."

Ni na tura tukunyar a baro, tana biye da ni tana cewa in bi a hankali. Daga ranar, kullum da hantsi sai ta fito da 'yar butarta, ta taɓa ƙasa, ta ɗaga ganye ta duba. Da farko a tsaye take yi ta tafi. Sai mai askin ya fara fito mata da benci. Sannu a hankali hira ta shiga tsakaninsu, har ta gano yana fama da jiri, ta tasa shi gaba sai da ya je aka auna jininsa.

Ƙullin fure na farko da ya buɗe a sabon wurin, mai askin ne ya fara gani. Ya bar mutum a kujera da rabin aski, ya zo har ƙofar gida yana sallama da ƙarfi. Goggo ta fito da mayafi a hannu, ta ɗauka wani ne ya faɗi.

"Ya buɗe, Hajiya!"

Ta bi shi shagon, ta tsaya a gaban furen tana kallonsa. Can sai mutumin da ke kujera ya leƙo ya ce, "Malam, ni fa haka zan tafi?"

Yanzu tukwane sun yi layi a ƙofar shagon, domin Goggo ta koyi yankan reshe ta dasa, matan layin kuma suna kawo mata nasu idan suka yi yaushi. Gwiwarta ta fara damunta, ba kullum take fitowa ba. Ranar da ba ta zo ba, mai askin ne yake tusa yatsa a ƙasa, ya aiko a tambaye ta ko a ba su ruwa.