Keziah a Ƙofar Masaƙa

Tun tana shekara goma Keziah Ormerod ta shiga masaƙar auduga a garinmu Darwen, ba ta bar ta ba sai da furfura. Ƙarar injuna ta cinye mata kunne kafin ta kai talatin, kamar yadda ta yi wa yawancinmu. Abin bai dame mu ba, tunda duk mai saƙa ta iya gane magana daga motsin leɓe. Daga wannan bango zuwa wancan sai a yi gulmar mutum tsaf yana tsaye.

Wajen aiki Keziah ba ta da na biyu, amma akwai ta da riƙo. Wata takwas ba ta ce wa ƙanwarta Selina ci kanki ba, duk a kan agogon bango da mahaifiyarsu ta bari, alhali injinansu na kallon juna. Tana son su shirya, sai dai ta kafe cewa ƙarama ce za ta fara lallashi.

A 1901 wani mai majigi ya kafa akwatinsa bisa keken doki a ƙofar masaƙa, yana juya hannun akwatin yana ɗaukar hoto lokacin da ma'aikata ke fitowa cin abincin rana. Ya yi shela cewa bayan mako biyu kowa ya zo tantinsa a filin wasa ya ga kansa. Kafin ranar ta zo ciwon huhu ya kwantar da Selina. Da Keziah ta sauke girman kai ta je, ta tarar ba ta gane kowa, washegari ta cika. Abu ɗaya ya rage mata na rarrashin zuciya: ai ita ma Selina ba ta neme ta ba.

Maƙwabciyarta Dorcas ce ta ja ta zuwa tantin, wai ko fuskar marigayiyar ta gani. Ana ta dariya a ciki, ana tsokanar Enoch mai gyaran inji cewa kunnuwansa sun cika allo, ita Dorcas kuma tafiyarta ta agwagwa. Sai ga Keziah ta ɓullo a hoton, tana gyara mayafi tana shan ƙamshi. A bayanta ga Selina tana sauri cikin takalman katako, ta miƙo hannu, bakinta na motsi. Hoton ba ya da murya, amma masu saƙa ne cike da wurin, kowa ya ga abin da ta ce.

"Yaya, tsaya mana. Na gaji da gabar nan."

Kafin hannun ya taɓa kafaɗarta jama'a suka shiga tsakani. Tantin ya yi tsit, har mai majigin ya zaci injinsa ne ya lalace.

Keziah ta roƙe shi ya bar mata hoton. Ya ce ba zai yiwu ba, kuma irin wannan da an tashi wasa zubarwa ake yi, don ba garin da zai so kallon fuskokin da bai sani ba. Shekara arba'in ta ƙara a duniya, ba ta sake gaba da kowa ba, kuma baƙin cikin bai sake ta ba. Kwana uku mai majigin ya yi yana nuna hoton a garin, sau bakwai ta shiga ta zauna a gaba, tana ce wa matar da ke allon ta waiwaya.