Tabawa da Ragon Layya

Tabawa ta unguwarmu, Kusfa, mace ce 'yar firit, ko kaza za a yanka sai ta runtse ido. Ina ba ku labarin tun Turawa ba su tafi ba. Ɗanta Tanimu sabon yaye ne, bai san zama ba. Ki janye shi daga murhu, ki tsince shi a bakin rijiya.

Ana jibi Babbar Sallah ya sulale ya ja wutsiyar ragon layyar kakansa, Malam Jalo. Rago ya tsinke igiya, ya maka yaro da katanga, ya ja da baya zai ƙara. Tabawa na daka. Ta sauke wa ragon taɓarya a ka, ƙaho ya ɓalle, jini ya wanke mata zane. Ta ƙara, ta kuma ƙarawa, sai da mu maƙwabta uku muka riƙe ta.

Malam ya shigo yana salati. "Ke yarinya, rago mai karyayyen ƙaho yana jini ai ba ya layya."

Ta durƙusa saboda kunyar suruki. Ni na amsa a madadinta: "Malam, jika ma ba ya layya."

Mai ɗori ya gyara wa Tanimu kafaɗa, ya warke sarai.