Baƙin da Suka Zo Neman Mijina

Mu a Tabotaki ba mu taɓa ganin jirgin ƙasa ba, sai labari. Mijina kuwa can ƙasar Ingilishi, tsallaken iyaka kudu da mu, yake aiki a tasha, shi ke ba jirgi hanya: ya ce tsaya, ya tsaya, ya ce wuce, ya wuce. Da ya faɗa mini, dariya na yi. Mutumin da jakinmu ma ba ya jin maganarsa!

'Yan shekaru bayan samun mulkin kai, uwarsa ta kwanta ciwon ajali. Ya nemi izini aka hana shi, ya taho abinsa, aka kore shi daga aiki. Bayan an yi bakwai sai ya zauna shiru, ga hannu ya yi laushi, hauya ta gagare shi. A bakin rijiya mata suka fara cewa sata ya yi. Na yi zagi har muryata ta dushe, amma bakin mutane ba ya ɗinkuwa.

Rannan da hantsi sai ga baƙi uku ta hanyar Madawa, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, ɗaya ma Hausarsa a karye take. Suka ce 'yan sandika ne, wato ƙungiyar ma'aikatan jirgi. Suka yi ta'aziyya, sannan babbansu ya dubi surukina.

"Baba, mun zo tafiya da ɗanka. Tun da aka kore shi muka ajiye aiki, muka ce sai ya dawo."

Surukina tsoho ne da ya tashi yana kai wa iyayengiji damman hatsi bai taɓa ɗaga ido ba. Ya ce, "Kunka ce ma mai aiki a'a? Wane sarki yab ba ku izini?"

"Ba sarki, Baba. Mu muka haɗa baki."

"Kuma ba a buge ku ba?"

"Wa za a buga, wa za a bari?"

Ina bayan zana ina saurare. Ba dangin iya, ba na baba, amma sun tsayar da ƙarfe saboda mijina. Wallahi ban taɓa jin abu mai girma irin wannan ba, har na ji kunyar dariyar da na yi masa.

Tsoho ya miƙe, ya ɗaura wa jaki akumari da kansa, ya juyo ga ɗansa.

"Tashi ka tahi. Ba a barin irin waɗanga mutane suna jira."