Mai Gadi Kawai

Kalmar Turancin da na fi tsana ita ce “only”, wato “kawai”. A bakin wani injiniya ɗan Poland na tsane ta, lokacin ina gadin ƙofar wani gini a unguwar Mesaimeer, can ƙasar waje. Da yarensu “tylko” yake cewa, idan yana waya yana nuna ni da baki.

Komai namu sai ya liƙa masa ita. Muka roƙi rumfa, ya ce aikinmu tsayuwa ce kawai. Abokin aikina ya yanke jiki ya faɗi da tsakar rana, ya ce zafi ne kawai. Daga cikin mota ya faɗa, yana shan sanyin esi.

Ran nan ya manta katin shiga, direbansa kuma ya sauke shi ya wuce. Shi da kansa ya kafa dokar ba kati, ba shiga. Na shanya shi a rana ina kiran ofis a tsanake. Ya yi jajir, gumi har cikin takalmi, ya daka min tsawa in buɗe.

Na ce, “Yallaɓai, ni mai gadi ne kawai. Wannan kuma zafi ne kawai.”