Gangar da Ba Ta Taɓa Ƙasa

Ban yi nisa a boko ba, a ajin farko na sakandare na tsaya, don haka kada wani ya nemi daɗin baki a wurina. Abin da na sani shi ne babbar ganga.

A Islamiyyar unguwarmu, can Unguwar Tudu ta Gwarzo, muna da 'yan fareti. Duk shekara in watan Mauludi ya kama sai a fito da kaki, da bigila, da ƙananan ganguna, da babbar ganga guda ɗaya. Wani tsohon soja da muke kira Kwamanda shi ke koya mana maci a filin bayan makaranta. Ni aka ba babbar saboda na fi kowa faɗin ƙirji. Ba wanda ya tambaye ni, kuma a lokacin da an tambaye ni ma da gudu zan karɓa.

Gangar tana da doka, Malam mai makarantar ne ya kafa ta. Ranar zagaye zai yi addu'a ya tofa a fatarta, ya rataya wa mai ɗauka da hannunsa. Daga nan ba ta taɓa ƙasa, ba a sauya mai ɗauka, sai an dawo ƙofar makaranta shi da kansa ya sauke. Ko fitsari ya matse ka, ka riƙe abinka. Mun taso mun ga ana yi, mu ma muka ɗauka, har muna yi wa 'yan wasu makarantu dariya in mun ga sun ajiye tasu a gindin bishiya suna shan ruwan leda.

Wanda bai taɓa ɗauka ba bai san mai babbar ganga ba ya ganin ƙafarsa ba. Tana gabanka kamar cikin wata tara. Ƙeyar na gabanka kawai kake bi, in ya kauce wa rami ka kauce, in ka ƙifta ido ka shiga.

Wata shekara Mauludi ya faɗo cikin damina, wata makaranta a Gammo ta ƙasar Kabo ta gayyace mu. Malam ya bi mu, ya rataya mini a ƙofar masu gayyar. An kwana ana ruwa, hanya duk taɓo. Mun zo wajen wata kwalbati da ruwa ya cinye gefenta, na gabana ya tsallake, ni ina kallon sandar Kwamanda. Ƙafata ta tafi. A cikin faɗuwar nan ba kaina na tuna ba, gangar na tuna. Na murɗa jikina na sauka a kan kafaɗar dama, gangar ta zauna a cikina, sama take kallo. Na ji wani abu ya ce ƙas a kusa da kunnena.

Sai kabbara ta tashi. Mutane suna ta nuna wa juna cewa ko ɗigon taɓo bai taɓa ta ba. Aka ɗaga ni tsaye da ita a jikina, don ba mai ikon cire ta, Malam kuwa yana can gaba cikin mota. Kwamanda ya duba hannun da ke lilo, ya dafa ƙirjina da tafinsa ya fizge shi, wai haka suke yi a bariki. Na ga duhu na ga haske. Ya cusa mini sandar kiɗa a hannun hagu.

"Soja ba ya mutuwa a layi," in ji shi. "Buga mu tafi."

Na buga. Muka gama zagaye garin.

Washegari aka kai ni wurin wani mai ɗori a Madadi. Ya shafa, ya tofa, ya ɗaure da kara da tsumma, ya ce ƙashi ya koma. Ƙashi ya koma inda ya ga dama. Tun daga ranar hannun dama bai ƙara wuce ƙirjina ba. Kabbarar salla ma a nan yake tsayawa. Loma kuwa kaina nake sunkuyar mata. Garma ta fi ƙarfina, ƙanena ya karɓi gonar yana nomawa, in an yi girbi ya aiko da abin da ya aiko.

Malam, Allah ya ji ƙansa, bai yar da ni ba, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba. Ya ba ni gadin makaranta da ɗakuna biyu a bayanta, jikin ɗakin da ake ajiye gangunan. A nan na yi aure, a nan aka haifi 'ya'yana. Kuma duk shekara ya rataya mini ita, ina bugawa da hagu. Ba wanda ya taɓa cewa ɗakin ladan ɗaukar ganga ne. Ba sai an faɗa ba.

A teburin mai shayi sunana ya zama Sarkin Faɗuwa. Akwai wani abokin wasana, mai faci, in ya hango ni sai ya ce a matsa wa mai ciki, yau ko gobe. In na ce ya zo ya ɗauka na shekara ɗaya, sai ya ce shi ladansa a wajen faci yake nema, ni ne aka yi wa baiwa. Ana dariya, ni ma ina yi. Me zan ce?

Shekaru suka ja, Malam ya rasu, Kwamanda ya bi shi, ɗan Malam ya karɓi makarantar. Sai hagun ma ya fara. Da farko yatsu biyu ne ke mutuwa in na tashi da safe, kamar na kwana a kansu. Daga baya kofin shayi ya fara suɓuce mini. Matata ta matsa sai da na je asibiti a Kano aka yi hoton wuya. Likitan bai ɓoye mini ba. Ya ce maratayin gangar ya daɗe yana danne jijiyar da ke ba hannun rai, in na ƙara ɗora nauyi a wurin, hagun zai bi dama, kuma ba ya dawowa.

A mota muna dawowa matata ta ce in je in gaya wa ɗan Malam kafin wata ya kama. Ta ce ita za ta iya zama da mai hannu ɗaya, ta saba, amma in ya zama sai an yi mini tsarki, in sani da bakina na jawo. Ta ce in na kasa ita za ta je. Na ce ta zauna, maganar maza ce.

Na same shi bayan la'asar a zaure. Yaron da na goya a wuyana lokacin ina da wuyan, yanzu ga shi da tabarau da waya biyu. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi jiki, ya tambayi ƙanena da gona. Na ce jikin ne ma ya kawo ni, na faɗa masa abin da likita ya ce, ban rage ba. Ya yi ta jinjina kai, har na fara jin sanyi a raina. Sai ya tashi ya shiga ciki, ya fito da sabon maratayi mai faɗi, an cusa masa soso an ɗinke. Ya ce tun watan jiya ya sa aka yi, don ya lura da yadda nake tafiya.

"Yaya, Baba ne ya rataya maka da hannunsa," ya ce. "Ni wane ne da zan cire in ba wani? Duk shekara labarinka na Gammo nake ba ɗalibai. Bana kawai, in sha Allahu, kafin mu samu wanda ya dace."

Bara ma bana kawai aka ce, da na yi ƙorafin baya. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai ya ƙara da cewa ya ga kwanon ɗakinmu yana yoyo, bayan Mauludi za a sauya shi. Ban ce da wata manufa ya faɗa ba. Wataƙila alheri ne tsantsa. Amma ni na ji abin da na ji, na tuna ba ni da wani ɗakin a duniya. Na karɓi maratayin na ce Allah ya saka da alheri.

Da na shiga gida matata ta kalli abin da ke hannuna, ba ta tambaye ni yadda muka yi ba.

Ranar zagaye da safe na sa kaki, na ɗauki sandar kiɗa, ta faɗi. Na sake ɗauka, ta sake faɗuwa. Yatsun sun ƙi rufewa. A waje an fara busa bigila. Na aika aka karɓo tsohon tib na keke a wurin mai faci, na ce wa matata ta yanko mini zaren roba mai tsawo daga jikinsa. Ta yanko. Na miƙa mata hannun da sandar a tafi, ta naɗe ta naɗe, tana ja da haƙori.

"Ƙara matsewa," na ce.

"Kana jin zafi?"

Na ce ba na jin komai. Ta tsaya ta dube ni, sannan ta ƙulle.

Da yamma da muka dawo ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da reza ta yanke shi. Sandar ta faɗi ƙasa, yatsun suka tsaya a lanƙwashe yadda roba ta bar su. Ta kawo ruwan ɗumi ta jiƙa, ta miƙe su ɗaya bayan ɗaya, tana saki suna komawa. Har yau haka suke. Wannan rubutun ma da dama nake yinsa, a kan gwiwa, don shi ba ya bukatar ɗagawa. Maɓallin riga kuwa ita ke sa mini.