Hankakan Ceroki da Iya Mai Daddawa

Jiya da hantsi ina shanya a tsakar gida nan Sabuwa, sai hankaka ya sauka bisa rufin kwanon maƙwabta ya yi kuka sau biyu. Wallahi sai da rigar da ke hannuna ta faɗi ƙasa. Ɗiyata ta fari ta dube ni tana dariya, wai Mama tsoron tsuntsu take ji. Na daka mata tsawa na ce ta miƙo mani bokiti, don ba ni da amsar da zan ba ta. Ku da kuke karanta wannan zan ba amsar, tunda ba ku ganin fuskata.

A wani ƙauye na tashi tsakanin Sheme da Tafoki, a gidan kakana na wajen uba. Baba Tsoho muke ce mashi. Shi kuwa amarya yake ce mani, irin wasan kaka da jika, kullum yana ƙorafin ban iya tuwo ba, zai sake ni ya auro wata. Ni kuma in ce mashi wa zai auri mai haƙori uku. Duk cikin jikokinshi ni ce mai baki, ni ce kuma mai nacin zama gindinshi bayan la'asar, lokacin da yake tufka igiyar rama a ƙarƙashin bedi.

Yana saurayi ya yi wa wani mutumin Amurka aiki, cikin masu haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙasar Kankara da Faskari. Shi ke yi mashi tafinta, shi ke dafa mashi abinci. Ya ce mutumin ja ne, gashinshi baƙi wuluk, kuma in ka ce mashi Bature sai ranshi ya ɓaci. Ya ce shi Ceroki ne, kakanninshi ne masu ƙasar tun Turawa ba su san da ita ba. Shekara biyu suna yawo tare, kuma mutumin ya juye mashi labaran mutanensu kaf. Sauran yara na jin Gizo da Ƙoƙi wajen kakanninsu mata, ni kuwa ina jin labarin Ceroki daga bakin tsohon da bai taɓa wuce Kaduna ba.

Wanda na fi so shi ne na wuta. Wai a farkon duniya babu wuta, sai aradu ta faɗa cikin kogon wata bishiya a tsakiyar ruwa. Dabbobi suka taru suna neman mai ɗebo ta. Hankaka ya je, zafi ya babbake shi, shi ya sa nasu na can baƙi ne ƙirin, ba shi da farin ƙirji irin namu. Mujiya ta leƙa kogon, hayaƙi ya ɓata mata ido. Maciji ya shiga ya fito baƙi. Sai wata 'yar gizo-gizon ruwa ta saƙa ɗan kasko ta ɗaura a baya, ta tafi bisa ruwa ta dawo da garwashi guda ɗaya. Duk ranar da Inna ta aike ni ɗiban wuta maƙwabta, sai in ɗora tsingaron a kaina ina tafiya a hankali, wai ni ce gizo-gizon.

Da ya tsaya a nan, da lafiya lau. Amma ni na matsa mashi, na ce su ba su da abin tsoro ne? Ya ajiye igiyar ya ce suna da shi, kuma ya fi dodon kowace tatsuniya. Wasu mutane ne cikin gari, maza da mata, masu kwaikwayon kukan hankaka. In wani ya kwanta ciwo ya yi nisa, sai su zo. Suna tafe a sama hannuwa a buɗe kamar fukafukai, ba mai ganinsu, sai dai a ji kukan. Su shiga ɗaki su cire zuciyar maras lafiya su cinye, ko tabo ba su bari, sauran kwanakin da ya rage mashi su koma nasu. Shi ya sa za ka gan su sun tsufa tukuf, sun yamutse, sun ƙi mutuwa. Maganinsu guda ne, a samu mai idon gane su. In an gane ɗayansu a siffarshi ta gaskiya, kwana bakwai yake ƙarawa ya mutu. Don haka Ceroki ba su barin majinyaci shi kaɗai, sai an zauna ana tsaronshi.

Na ce, "Ashe mayu ne." Ya yi dariya ya ce, "Kowace ƙasa da nata tsoron, amarya. Mu dai mun san rai na hannun Allah." Wannan maganar ta ƙarshe ta bi iska. Sauran kuwa ta zauna mani daram.

Shekarata tara, damina ta yi tsakiya, ana marka kwana da kwanaki, masara ta fara goyo, Baba Tsoho ya kwanta. Zazzaɓi ne da farko. Aka dafa mashi ganyen bedi, aka yi sirace, aka sayo ƙwayoyi wajen mai kemis, abu ya ƙi. Kwana na huɗu ya daina gane mutane. Ya kwanta bisa gadon kara, ido a kafe, ƙirjinshi na hawa da sauka. Ɗakin na warin danshi da hayaƙin magani. Mata na shiga suna fita suna share ido da bakin zane. Ni kuwa na samu gefen ƙofa na zauna, na ƙi makarantar allo, na ƙi abinci. Kowa ya ɗauka ƙauna ce kawai. Tsaro nake yi. A gidan nan duka ni kaɗai na san abin da ke zuwa, ni kaɗai kuma na san maganinshi.

A bayan gidanmu akwai wata tsohuwa, Iya mai daddawa. Mijinta ya daɗe da rasuwa, Allah bai bar mata ɗa ko guda ba. Ta tsufa har ta ranƙwafa, fatar hannunta kamar busasshiyar kuɓewa. Kafin ƙarfinta ya ƙare ita ce ungozomar unguwa, daga baya ta koma dafa kalwa tana sayar da daddawa. Ba ta taɓa yi mani komai ba sai alheri. In na je sayen daddawa har ƙuli-ƙuli take ba ni.

Ranar kasuwar Sheme ce, Baba mahaifina ya tafi neman motar da za ta kai tsoho asibiti. Wajen azahar ana yayyafi, Iya ta yi sallama ta shigo dubiya da ɗan kwanon kunu. Tana zuwa bakin ɗaki, hankaka ya sauka bisa rumbu ya yi kuka. Ta ajiye kwanon, ta kama mayafinta da hannu biyu ta buɗe shi tana kakkaɓe ruwa. Baƙin mayafi ne. Daidai nan Baba Tsoho ya ja wani dogon numfashi mai gurnani.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tare ƙofa na nuna ta da yatsa ina ihu, "Na gane ki! Wallahi na gane ki! Zuciyarshi kika zo ci!"

Iya ta tsaya da mayafi a hannu tana kallona, ba ta ma fahimci mi nake cewa ba. Gwaggona, ƙanwar Baba, ita ta fara salati da ƙarfi. Ta ce dama ta daɗe tana zargi, ta ce yara na ganin abin da manya ba su gani, in ba haka ba ina yarinya ta san wannan magana. Inna ta kama hannuna tana cewa in yi shiru, amma zance ya riga ya tsallake katanga. Kafin a jima tsakar gida ta cika, samari a zaure da sanduna, ƙafafu duk taɓo. Ba wanda ya tambaye ni inda na samo maganar. Da an tambaya, da na ce labarin Ceroki ne, da wataƙila an yi dariya an watse.

Kun san yadda ake yi a ƙauye in an ce wane ya kama wane. Sai wanda ake zargi ya tsallaka maras lafiya, wai ya sakar mashi kurwa. Aka sauko da Baba Tsoho bisa tabarma. Baffana ya ce, "Iya, ki tsallaka shi sau uku a zauna lafiya." Shi ma tsoron samarin yake. Iya ta rantse da Allah, ta rantse da kabarin mijinta. Wani daga zaure ya ce in ba ta yi ba za a cinna wa ɗakinta wuta. Sai ta juyo wajena ta ce, a hankali, "Ɗiyar nan, ni fa na yanke maki cibi."

Ta tsallaka. Ƙafarta ba ta ɗaguwa sosai, sai da ta dafa bango. A na uku ta yi tuntuɓe ta faɗi bisa gwiwa, ba wanda ya miƙa mata hannu. Gwaggo ta ɗauki kwanon kunun ta watsar bayan gida.

Da la'asar Baba ya iso da mota, aka tafi da tsoho Kankara. Aka ƙara mashi ruwa, aka yi mashi allurai, kwana biyu ya buɗe ido ya nemi fura. Kun ga inda abin ya lalace. Da ya mutu, da wataƙila an ce kwana ne ya ƙare. Da ya tashi, sai gari duka ya ce ai ga shi nan, ta sake shi. Lafiyar kakana ita ta tabbatar wa Iya laifin da ba ta yi ba.

Ni kuma na shiga ƙirga kwana. Da farko da murna nake ƙirgawa, Allah Ya yafe mani. A rana ta uku na leƙa ta kafar darni na gan ta zaune gaban tukunyar kalwa, wuta a mace, faifan daddawa cike ba wanda ya saya, yara na wucewa suna tofar da yawu. Sai tsoro ya juya mani. In ta mutu ranar bakwai, ni na kashe ta. In ba ta mutu ba, ƙarya na yi mata. Na rasa wanda zan roƙa a cikin biyun. Na daina cin abinci. Rana ta biyar da safe aka ga ɗakinta a buɗe. Masu zuwa gona sun gamu da ita da ƙunshi a ka da sanda, ta nufi Pauwa wajen ɗan ƙaninta.

Da Baba Tsoho ya dawo ya ji, ya sa aka kira ni. Bai ce amarya ba. Ya ce in zauna, akwai labarin Ceroki guda da bai taɓa ba ni ba, don mutumin Amurkan ma sau ɗaya ya faɗa, yana faɗa yana hawaye. Wata shekara sojoji suka zo garuruwansu da bindigogi, saboda ana son ƙasarsu. Wasu suna cin abinci aka tashe su, wasu suna gona. Aka tara su a shinge kamar shanu, sannan aka kora su yamma, tafiyar wata da watanni cikin sanyi. Tsofaffi da jarirai suka riƙa faɗuwa, ana binne su a gefen hanya ana wucewa. Kakar kakar mutumin tana cikin waɗanda suka isa, kuma har ta mutu ba ta daina tambayar wa ke zaune a ɗakinta ba.

Sannan Baba Tsoho ya ce, "Su sojoji aka tura masu. Mu yarinya muka tura. Laifina ne, na ba ki wuƙa ban nuna maki bakinta ba." Yana samun ƙarfin hawa keke ya tafi Pauwa da kanshi ya ba ta haƙuri, ya roƙe ta ta dawo. Ta ƙi. Daga ranar bai sake ba kowa labari ba, igiyarshi kawai yake tufkawa har Allah Ya karɓi abinshi.

Ina da shekara goma sha shida muka je biki Pauwa da Inna. Na saci jiki na tambayi gidan. Tun a mota nake shirya abin da zan ce. Na same ta a wani ɗan ɗaki gefen turken awaki, ido ya tafi, tana zaune bisa buzu tana jan carbi. Na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da fara'a, ta ce wace ce. Na faɗi gidanmu, na ce jikar Baba Tsoho ce, mai surutun nan.

Sai na ga ta janye ƙafafunta, ta matsa jikin bango, ta ɓoye hannuwanta cikin zane. Ta ce, "Ɗiyata, tsaya daga nan, don Allah kar ki matso. Kar ki koma gida kanki ya yi ciwo a ce ni ce."

Na tashi na fita da gudu kamar an koro ni. Na ce wa kaina zan dawo in na ƙara hankali. Kafin damina ta zagayo aka aiko ta rasu.

Yanzu ƙauyen namu ma rabinshi kango ne, masu bindiga sun tashe mu, kowa ya ɗauki ƙunshinshi ya nemi inda zai raɓa. Hanyar Pauwa sai an yi shawara kafin a bi ta, ko kabarinta ban sani ba. Na ji harbi a bayan gida, na gudu da goyo cikin dawa, kuma duk wannan tsoron yakan zo ya wuce. Wanda bai wucewa shi ne na ranar da za a tsayar da ni da ita gaban Ubangiji, a ce in yi bayani. Na juya abin shekara da shekaru, ba ni da abin faɗa sai dai in ce shekarata tara. Na goma sha shida kuwa ban san mi zan ce ba.